Tanderu mai murfi: yadda na sayi kamado a Manchester

Ƙafar rago ce ta ja min. A babbar sallar 2023, wadda ta kama 28 ga Yuni, mahaucinmu na Cheetham Hill ya ba mu naman layyarmu a rana ta biyu, kamar yadda aka saba a nan Ingila, inda ba ka da ikon kayar da rago a ƙofar gida, sai dai ka ba da kuɗi da suna a yanka maka a mayanka. Na ware ƙafa guda na ce wannan balangu zan yi da ita, irin na gida. Abin gashin da nake da shi a lokacin wani kwanon ƙarfe ne mai ƙafa uku, shafal, kamar kurfotin da aka yi wa tsawo. Na hura, na fifita, iskar Manchester ta zo ta taya ni fiye da yadda na roƙa. Bayan awa ɗaya da rabi bayan naman ya ƙone ƙurmus, cikinsa kuwa jini. Baƙi suka ci don kara. Da suka tafi uwargida ta yanyanka ragowar ta zuba a farfesu, ba ta ce min komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

Bayan kamar mako uku wani abokin aikina ɗan asalin Pakistan ya gayyace mu gidansa a Stockport. A kusurwar lambunsa na hango wani abu kore, kamar ƙaton ƙwai an ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe. Ba harshen wuta, ba mai fifita, hayaƙin ma sai ka ƙura ido za ka ga wani siriri yana fita ta ƙoƙon kansa. Ya ce tun tara na safe ya sa karfatar rago a ciki, ya kai yara ƙwallo ya dawo, bai ƙara gawayi ko ƙwaya ɗaya ba. Wajen uku na yamma ya ɗaga murfin, ya kama ƙashin allon kafaɗar da yatsu biyu, ya zare shi sumul kamar ana zare wuƙa daga kube.

Bayan an kwashe naman na leƙa ciki. Bango mai kauri, zagaye, ya yi baƙi da hayaƙi, garwashi can a ƙasa, zafi yana fitowa daga jikin bangon kansa. Na ce a raina, to ai wannan tanderu ne. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, aka taɓa aikensa Jakara sayen gurasa da sassafe, ya san wannan zafin. Ya ga yadda mata suke zura hannu su manna ƙulli a jikin tukunyar, su zare kafin gashin hannu ya ji. Bambancin kawai, wannan an yi masa murfi, an shafe bayansa da ƙyalli, an kuma maƙala masa ma'aunin zafi a goshi.

Daga ranar na shiga bincike, har uwargida ta fara cewa na yi mata kishiya a waya. Sunan abin kamado, kalmar Japanawa ce da take nufin murhu. Suna da wata tukunyar yumɓu mai murfi da suke dafa shinkafa da ita a kan gawayi, ana ce mata mushikamado. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka da suka zauna a Japan suka riƙa komawa gida da ita, suka ga ai nama ma tana gasawa. A 1974 wani mutum mai suna Ed Fisher ya buɗe shago a Atlanta, jihar Jojiya, yana sayar da injinan wasan nan na Japanawa da ake kira pachinko, yana haɗawa da waɗannan tukwane. Da ya ga ba a kula su, sai ya riƙa gasa fukafukan kaji a ƙofar shago, ƙamshi ya yi masa talla. Daga nan Big Green Egg ta samo asali, wato koren ƙwan da na gani a Stockport. Na farkon na yumɓu ne zalla, suna tsagewa in wuta ta yi yawa, sai daga baya aka koma tangaran mai jure zafi.

Aikinta ba wani boyayyen sirri ba ne. Akwai ƙofar iska a ƙasa, akwai wata a saman murfi. Wuta abincinta iska, kowane maƙeri mai zugazugi ya san haka. Ka tsuke ƙofofin nan biyu, gawayi ya riƙa ci a hankali, zafi ya tsaya wajen digiri 110 na yini guda. Ka wangale su, ya haura har kusan 400. Bangon tangaran yana shanye zafin ya riƙe, murfin kuma ya hana laimar nama guduwa. In ka gama ka rufe ƙofofin ruf, wutar ta mutu, gawayin da ya rage yana nan sai wani jiƙon. Shi ke nan. Kuɗin da za ka biya duk na wannan iko da iska ne.

Kuɗin kuwa, wa iyazu billahi. Manyan sunayen, matsakaiciyarsu ta haura fam dubu. Na buga lissafi da canjin lokacin, ya wuce naira miliyan ɗaya. Na nuna wa uwargida, ta dubi wayar, ta dube ni.

“Yallaɓai, tanderu fa ka ce.”

“Tanderu mai murfi.”

“To ko mai bene ne. Ni dai abu ɗaya, kar ka sake Hajiya ta ji nawa ne.”

Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Na fara da neman mai sauƙi. A bazara manyan kantuna irin su Aldi kan kawo nasu kamado a ƙasa da rabin wancan kuɗin, amma lokacin da na waye sun ƙare, sai wata shekara. Akwai kuma na ƙarfe mai ruɓi biyu, irin Akorn, wadda ba ta da nauyi, ba ta fashewa, kuɗinta kaɗan. Na daɗe ina juya ta a raina. Abin da ya hana ni shi ne ruwan Manchester. Garin da ake ruwa rani da damina, ƙarfe komai daɗewa tsatsa zai yi, kuma kwanona mai ƙafa uku shaida ne. Sai na koma ga kwance.

A Facebook na ga wani dattijon Bature a wajen Bolton yana sayar da tasa, shekara huɗu a hannunsa, rabin kuɗin sabuwa. Na tafi ranar Asabar da tocila a aljihu. Mutumin kirki ne, har shayi ya ba ni. Na roƙe shi mu fitar da kayan cikin, ya yarda. A cikin kowace kamado akwai wata tukunya ta biyu da gawayi yake zama a cikinta, da wani zobe a kanta da raga take hawa. Tukunyar cikin nan ta tsage daga sama har ƙasa. Wannan bai dame ni ba, don na riga na karanta cewa ita ce take shan wuta kai tsaye, tsagewarta ba baƙon abu ba ne, kuma ana sayar da ita daban. A bayan gangar jikin ma akwai wasu siraran layuka kamar yanar gizo-gizo, su ma na ƙyallin da aka shafa ne kawai, ba su shiga ciki ba. Sai na yi abin da na ga Hajiya tana yi in za ta sayi tukunyar ƙasa ko randa a kasuwa: na lanƙwasa yatsa na bi gangar jikin ina ƙwanƙwasawa. Ƙal, ƙal, ƙal, har na zo gefen ƙofar iska ta ƙasa, sai sautin ya mutu, ya koma ƙwaf. Na haska tocila. Wata tsaga ce siririya kamar gashi, ta taso daga kusurwar ƙofar ta yi sama kamar tsawon ɗan yatsa, kuma ana ganinta ta ciki da ta waje. Dattijon ya sa tabarau ya duba, ya rantse bai taɓa lura ba, na kuma yarda da shi. Amma tsagar gangar jiki ba irin ta tukunyar ciki ba ce. Ta nan iska za ta riƙa satar hanya, ruwa ya shiga, sanyin hunturu ya daskarar da shi ya ƙara buɗa ta. Ga shi garantin tangaran na tsawon rai da manyan kamfanonin suke bayarwa na wanda ya fara saye ne, ba ya bin kaya zuwa hannu na biyu. Na shanye shayina, na yi godiya, na kamo hanya. Araha ba ta ado.

Saura zancen girma, kuma a nan ne na kusa yin wauta. Ana auna su da faɗin raga: akwai ƙanana masu inci 13, matsakaita masu inci 18, manya masu inci 24. Zuciya ta ce babba, don Bahaushe in zai yi gashi taro yake hangowa, ranar suna, ranar salla, abokai sun cika gida. Sai na samu kwali na yanka faifai biyu, ɗaya santimita 46, ɗaya 61, na tafi da su wurin mahauci. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya ɗora min ƙafar rago a kan ƙaramin, ta zauna daram. Kaji biyu ma suka zauna. Rago sukutum kuwa ko babban faifan bai ɗauke shi ba. Da na tambayi kaina tsakani da Allah sau nawa a shekara nake ciyar da mutum ashirin, amsar sau biyu ce. Sauran ranakun mu biyar ne. Babbar ta fi cin gawayi, ta fi daɗewa kafin ta ɗau zafi, kuma ta fi nauyi: koriyar nan Big Green Egg mai inci 18 kilo 73 ce tsurarta, mai inci 24 kuwa kusan kilo ɗari. Gidanmu irin na jere ne, ba ƙofar gefe, duk abin da zai shiga lambu sai ya bi ta ƙofar gaba, ya ratsa siririn zaure, ya bi ta kicin. Na auna ƙofofin, santimita 76. Magana ta ƙare, inci 18.

A ƙarshen Satumba, lokacin da Turawa suka naɗe tabarmar gashi, masu kanti kuma suke neman wurin jera kayan Kirsimeti, muka je wani babban kantin kayan lambu a Cheshire, ni da uwargida. Sun jera koriya da ja kusa da juna. Jar ita ce Kamado Joe, kamfanin da aka kafa a 2009, shi ma a Jojiya. Tangaran ɗin koriyar a Meziko ake yinsa, na jar a Chaina. Akwai kuma Primo, wadda ake yi a Amurka, ita siffarta doguwa ce kamar ƙwai a kwance, da Monolith ta Jamus, amma su a hoto kawai na gan su. Shawarata ga duk mai niyya, kada ya sayi abin nan bai ɗaga murfinsa da hannunsa ba. Murfin kaɗai kaya ne. Uwargida ta ɗaga na jar da yatsu biyu, ta sake shi a rabi, ya tsaya cak bai faɗo ba, saboda wani maƙalin da aka yi masa a baya mai ɗauke nauyin. Ta ce, “Wannan ko ba ka nan zan iya.” Na lura da “ko ba ka nan” ɗin, na yi shiru.

Abu na biyu da ya raba min gardama shi ne abin da yake cikin akwati. Kuɗin da aka rubuta a jikin kamado ba lallai shi ne kuɗinta ba. Sai ka tambaya: da ƙafafun? Da teburan gefe? Da faifan tangaran ɗin da ake sawa tsakanin wuta da nama? Wannan faifan shi ne rabin amfanin abin, don in babu shi ba za ka yi gashin awa shida ba, ƙasan naman zai ƙone. Koriyar ana sayar da yawancin waɗannan daban, ka zaɓi abin da kake so ka haɗa. Jar kuwa ta zo da ƙafafu masu taya, da teburan gefe, da faifan an raba shi biyu, da raga ita ma rabi-rabi mai hawa-hawa, da ɗan aljihun kwashe toka. Tukunyar cikinta kuma gunduwa-gunduwa aka yi ta, don zafi ya samu wurin motsawa ba tare da ta tsage ba, abin da ya tuna min da Bolton. Koriyar tana da tsohon suna da dillalai ko'ina, kuma wanda ya saye ta bai yi asara ba, na ci naman da ta gasa. Ni dai da na tara lissafin komai da komai, jar ta fi min sauƙi. Na nemi ragi, yaron kantin ya ce farashin ya riga ya sauka, amma zai ƙara min rigar rufewa da buhun gawayi. Na ce a yi haka. Rasit ɗin na ɗauke shi hoto tun a mota, na yi rajistar garanti a daren.

Ranar da aka kawo ta, direban ya sauke akwatin a kan katako a bakin titi, ya ce iyakarsa ke nan. Na ce ya dakata in buɗe in duba kafin in sa hannu, ya tsaya yana duban agogo, na ƙwanƙwasa ta ko'ina, sautin lafiya. Da akwatin ta haura kilo ɗari. Na kira mutumina wani Bazazzage da yake Longsight, da maƙwabcina. Muka fitar da duk kayan cikin don ta rage nauyi. Ba a ɗaukarta ta mariƙin murfi ko ta maƙalin baya. Mutum ɗaya ya zura hannu ta ƙofar iska ta ƙasa, biyu su rungume ta. Haka muka ratsa zaure muna nishi, Bazazzagen yana cewa, “Malam, wannan ai sai ka yi mana walima.” Na kafa ta a kan daɓen siminti, nesa da katangar katako. Ban sa ta a rumfa ko a ɗaki ba, kuma ko ana ruwa ba na shigar da ita, don iskar gawayi a rufaffen wuri kisa take yi, ba ta da wari balle ka farga.

Gawayinta na itace ne, manyan gutsattsari, ba dunƙulen nan da ake matsawa da inji ba, wanda tokarsa take da yawa har ta toshe hanyar iska. Mai kyau in ka buga biyu za ka ji suna ƙara kamar ƙarfe, irin gawayin ƙirya da maƙera suke nema. Kananzir ko fetur kuwa haramun ne a kanta. Tangaran yana sha, kuma in ya sha, kazarka za ta yi ta warin gidan mai. Ana sayar da wasu 'yan dunƙulen zaren itace da aka tsoma a kakin zuma, biyu sun isa.

Kuskurena na farko na gaggawa ne. Na kunna, na wangale ƙofofin, na shiga yin la'asar, na tsaya amsa waya. Na fito allura tana kan 300, ni kuwa 120 nake nema. Na tsuke ƙofofi ina jira ta sauko. Ashe hawa ne mai sauƙi. Bangon da ya riga ya sha zafi ba ya saki da wuri, sai da na yi fiye da awa ina zaune da kaza a faranti. Ruwa kuma ba a zuba mata, sai ta fashe. Tun daga ranar, da allura ta kusa inda nake so da kamar digiri talatin nake fara tsukewa, ƙofar ƙasa ta rage kamar faɗin ɗan yatsa, in bar ta ta ƙarasa da kanta.

Na biyu ya fi ban tsoro. Tana da zafi sosai, na rufe ƙofofin na ɗan lokaci, sai na zo na fizge murfin gaba ɗaya. Wutar da take jin yunwar iska ta samu, ta yi wani bup, harshe ya taso ya lashe gashin hannuna na dama da gefen gemu. Ɗana ƙarami yana taga yana tafi. Ka'idar ita ce ka ɗaga kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu, ka dakata, ka maimaita sau biyu ko uku, sannan ka buɗe, kana tsaye a gefe. An rubuta wannan a takardar da ta zo da ita. Ban karanta ba.

Yanzu ga gaskiyar da masu talla ba za su faɗa wa Bahaushe ba: ba ta yin tsire kamar na mai tukuba. Na gwada ya fi sau goma. Mai tsire kafa tsinkayensa yake yi a tsaye kewaye da wuta, gefen harshe yana lasarsu, kitse yana gangarowa ta jikin naman ba ya ɗiga a garwashi, iska tana busar da bayansa har ƙuli-ƙulin ya kama ya yi ɓawo. A kamado tsinken kwance yake a kan wuta. Ka rufe murfi, laima ta hana shi bushewa, ya fito da taushi kamar an turara. Ka buɗe ka ƙara wuta, ƙuli-ƙulin ya ƙone ya yi ɗaci. Abin da na samu mai dama-dama shi ne in ɗaga ragar hawa na sama, zafi wajen 220, in rage ƙuli a farko, in barbaɗa yaji bayan an sauke. Yana ciwuwa, yara suna so, amma ba zan kai shi gaban mutumin Kano in ce tsire ne ba. Wanda tsire kaɗai yake nema, doguwar ragar ƙarfe ta fam talatin ta ishe shi, ya adana kuɗinsa.

Inda ta fi ƙarfi shi ne naman da yake son lokaci: karfata, haƙarƙari, ƙafa, kaza sukutum. Sai kuma gurasa, wadda ban saye ta dominta ba. Na ƙara sayen faifan dutse irin na gasa fiza, na kai zafi 280, uwargida ta kwaɓa fulawa da yis, muka shimfiɗa. Minti uku zuwa huɗu ta kumbura, ƙasanta ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna. Ba a manna ta a bango kamar a Jakara, don bangon ya yi maiƙo, amma da muka yayyafa ruwa, muka zuba ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa muka yi bandashe, sai da falon ya yi tsit. A hunturu na yi wata biyu ban buɗe ta ba, na tarar da fumfuna ta yi fari a ciki. Ba a wanke ta da sabulu. Wuta na hura mai ƙarfi na rabin awa, komai ya ƙone, na goge da busasshen burushi. Yanzu nakan bar ƙofar ƙasa a ɗan buɗe ko ba a amfani da ita.

Babbar sallar 2024 ta kama Lahadi, 16 ga Yuni. Naman ya iso Litinin. Daren na shafe ƙafar da gishiri, citta, tafarnuwa, kanumfari da masoro, ta kwana a firji. Bayan asuba na cika tukunyar da gawayi, na sa faifan, na ɗora tiren ruwa a kansa don ya tare kitse, na tsayar da allura a 125. Awa huɗu ban taɓa murfin ba. Da bayanta ya yi ja ya kama, na naɗe ta a takarda mai kauri, yadda masu balangu suke yi, na zuba ɗan romo da albasa, na mayar. Bayan wasu awa biyu na soka ma'auni a tsokar, 94, ya shige kamar a cikin man shanu. Na bar ta ta huta a naɗe kusan awa guda. Bazazzagen ya zo da iyalinsa karɓar walimarsa, bai yi magana ba sai da ya kai ƙashi.

Ana cikin ci Hajiya ta kira ta bidiyo daga Kano. Na juya mata wayar ta ga naman, ta sa albarka, sannan ta ce in matsa da ita kusa da jan abin can. Na buɗe mata murfin, a hankali, sau uku. Ta daɗe tana kallo.

“Kai, wannan ai tanderu ne.”

“Shi ne, Hajiya.”

“Ikon Allah. Har can ma ana yi? Nawa ka saya?”

Uwargida ta ɗago daga kan tiren gurasa ta zuba min ido. Na ce, “Hajiya, ga jikokinki nan suna ta rigimar za su yi miki barka da salla,” na miƙa wa ƙaramin wayar.